Kwamfuta ɗaya a kilawud, ma'aikata 11: wane lasisi ne ya wajaba a kanmu?

Dan_Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah masu sanin harkar kwamfuta a cikinmu ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni ke kula da na'urori a kamfanin kawuna, muna shigo da shinkafa da man girki da sukari muna ba 'yan kasuwa. Babban ofis yana nan Nima a birnin Ankara (Accra), Gana, akwai sito a Tema, sai shago da ɗan ofis a Kumasi wajen Aboabo. Mutum 11 ke taɓa lissafi. Manhajar da muke aiki da ita TallyPrime ce kuma tana kan kwamfuta ɗaya tak a ofishin Nima, to in aka ɗauke wuta ko akawu bai zo ba shikenan komai ya tsaya, 'yan Kumasi sai dai su riƙa ɗaukar hoton rasit suna turowa ta WhatsApp, shi kuma ya zauna da dare yana shigarwa ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja. Ga kwamfutocin duk tsofaffi ne masu Windows 10, sun ƙi karɓar 11.

Sai muka ce a yi hayar kwamfuta a kilawud, wato wadda ke zaune wajen wani kamfani ana shiga ta intanet, kowa ya riƙa shiga daga inda yake. Mutum biyu sun kawo mana farashi. Na farko wani saurayi ne, ya ce zai kama mana VPS, wato irin wannan kwamfutar haya, a Turai, ya sa Windows 11 Pro da ki (lambar kunna shi) mai araha da ake sayarwa a intanet, sannan akwai wani ɗan faci da ake sawa mutum da yawa su shiga lokaci guda, Office kuma mu sa wanda muka taɓa saya wa ofis. Na biyu wani kamfani ne a nan Ankara, takardarsu cike da RDS kaza, SAL kaza, kowane mutum da kuɗinsa duk wata, ya ninka na saurayin sau da yawa.

Alhaji, wato kawun nawa, ya dube ni ya ce, an biya kuɗin na'ura, me ya sa kuma za a biya kuɗin kan kowane mutum? Wallahi ban samu amsa ba. Shin kamfanin nan cuwa-cuwa suke so su yi mana ko haka dokar take? Kuma hanyar saurayin tana da matsala? Alhaji mutum ne mai tsoron haƙƙi, ba ya son a kawo masa abin da ba halal ba cikin dukiyarsa.

Injiniya_Madina ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kamfanin ba su cuce ka ba a tsarin, ko farashinsu ya yi daidai wannan sai ka gwada da na wasu, amma abin da suka lissafo haka yake. Hanyar saurayin kuwa kar ka kusance ta, bari in warware maka a hankali.

Windows 11 Pro an yi shi ne don mutum ɗaya ya yi aiki a lokaci ɗaya. Shi ya sa in wani ya shiga ta rimot, wato daga nesa, sai ya kori wanda ke ciki. Facin da yake faɗa aikinsa karya wannan makulli ne, kuma saɓa yarjejeniyar lasisi ne kai tsaye ba wani kwana-kwana. Bayan haka duk lokacin da Windows ya yi ofdet facin na iya lalacewa, sai ka ga masu amfani da shi sun kashe ofdet gaba ɗaya, wato na'urar da ke ɗauke da duk lissafin Alhaji tana zaune a buɗe a intanet ba kariya, kuma ƙofar rimot na cikin hanyoyin da ɓarayin da ke kulle fayil su nemi kuɗin fansa suka fi bi. Ki mai araha ɗin nan ma yawanci an ciro shi ne daga lasisin wata makaranta ko wani kamfani, ya nuna ya kunnu ba shi ke nufin kana da izini ba. Wanda ya zo manne da kwamfuta daga masana'anta shi kuma na wannan kwamfutar ne, ba a ɗauke shi a kai kilawud.

Hanyar da aka saba ita ce Windows Server, wato Windows na saba, babbar kwamfutar da mutane da yawa ke aiki da ita. Amma shi ma in ka yi hayarsa haka kawai, mutum biyu ne za su iya shiga lokaci guda, kuma an bar wannan ƙofar ne don masu gyara da kula da sabar, ba don ma'aikata su zauna suna aikin yau da kullum ba. In kana so 11 su shiga sai an kunna Remote Desktop Services, wato RDS ɗin da ka gani, kowane mutum kuma sai an saya masa izininsa. In sabar taka ce tana ofishinka sunansa RDS CAL, ana saye ko da kan mutum ko da kan na'ura. In kuma haya ce wajen masu ba da saba, su ke da yarjejeniya da Microsoft mai suna SPLA, suna kai rahoton adadin mutane duk wata, shi ne SAL ɗin da ka gani a takarda. Kuma lura, ana ƙirga sunan mutum ne, ba wai mutum nawa ke ciki lokaci guda ba. Ko da biyar ne kawai ke shiga a tare, in 11 ne ke da ikon shiga, na 11 za ka biya.

Akwai wani tarko da ke kama mutane sosai. Idan aka kunna RDS, Microsoft na ba da rangwamen kwana 120 ba tare da lasisi ba. To sai mai haɗawa ya haɗa, komai na tafiya sumul, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bayan wata huɗu da safe kowa ya kasa shiga. Na ga an yi wa wani ofis haka ana tsakiyar rufe lissafin shekara, abin ba daɗin gani. Duk wanda zai haɗa muku ka ce ya nuna maka sabar lasisin da adadin da aka sa a ciki da idonka.

Office ɗin da kuka saya ma ba zai yi ba. Na kanti irin Home & Business ba a yarda a sa shi kan saba mai mutane da yawa ba. Microsoft 365 kuma, wato Office na biyan kuɗi duk wata ko shekara, ba kowane iri ke da abin da suke kira Shared Computer Activation ba, wanda shi ne ke bari kowa ya shiga da akawun ɗinsa a na'ura ɗaya. Business Standard ba shi da shi, Apps for business ba shi da shi. Business Premium na da shi, haka Apps for enterprise da E3 da E5.

Da ni ne a matsayinka, Azure Virtual Desktop zan fara dubawa, Azure shi ne kilawud ɗin Microsoft. Ya fito a 2019 da sunan Windows Virtual Desktop, suka canza masa suna a 2021. Can ne ake samun Windows 11 na musamman da Microsoft da kansu suka yarda mutane da yawa su shiga lokaci guda, kuma ba su ba sauran masu kilawud izinin sa shi ba. Duk wanda ke da Business Premium ya riga ya samu izinin shiga, ba sai ka sayi RDS CAL ba, Office ma na ciki. Ana iya saye har mutum 300, ku kuwa 11 ne. Farashinsa a Amurka dala 22 ne kan mutum a wata in an ɗaure shekara, ka tambayi dila na nan don haraji zai hau kai. Kuɗin na'urar kanta da wurin ajiya daban ne, ana caji gwargwadon awannin da take kunne. Kuma ba dole kowa ya ga cikakken allon Windows ba, za ka iya fito musu da Tally kaɗai ta RemoteApp, mutum ya danna ta buɗe kamar a kwamfutarsa take.

Alhaji kuwa ka faɗa masa da yarensa. Kwantena in ta iso Tema ai an biya kuɗin jirgi, amma ba ya hana a biya kwastan. Mai na'ura daban, mai manhaja daban, kowa da haƙƙinsa.

Hajiya_Asawase ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni akawu ce, bari in ƙara ta ɓangaren da ku masu na'ura kuke mantawa.

Ɗana, kafin ka je ga Microsoft ka fara duba lasisin Tally ɗin naku. In Silver ne to na mai amfani ɗaya ne, ko ka kai shi sama ta bakwai ba zai zama na mutum 11 ba. Gold ne na mutane da yawa, shi ma asali don kwamfutocin da ke netwok ɗaya a ofis ɗaya aka yi shi. Shiga ta rimot suna da nasu ƙidayar da suke kira TVU, wato Tally Virtual User, akwai adadin da ke zuwa da lasisi, in an wuce sai a ƙara saye. Ka kira dilan da ya sayar muku ka ce ya rubuto maka a takarda nawa kuke da shi, kar ka yarda da magana ta baki.

Sannan wannan 11 ɗin, ka zauna ka tace shi. Da gaske duka suna shigar da lissafi? A irin kasuwancinku na san yadda ake, za ka ga akawu biyu, mai karɓar kuɗi a Nima, mai karɓar kuɗi a Kumasi, mai sito, sai manaja. Sauran so suke kawai su ga kaya nawa suka rage ko wa ake bi bashi. Waɗannan ba sa buƙatar shiga kwamfutar kilawud, a fitar musu da rahoto kullum da yamma su buɗe a waya, in ma ana so a saya musu Business Basic mai Excel na birawuza wanda bai kai na Premium kuɗi ba ko kusa. In ka sauko daga 11 zuwa 6 ka ga kusan rabin kuɗin kai ya tafi ta halal, ba ka ci haƙƙin kowa ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a buɗe akawun ɗaya a ba mutum uku fasuwod. Bar ma maganar lasisi da ya hana, ranar da kuɗi ya ɓata ko aka goge rasit, wa za ka kama? Kowa zai rantse ba shi ba ne, kuma duk 'yan uwa ne, zumunci ya lalace a kan abin da da an raba sunaye da ba a kai nan ba. Na ga gidan da 'ya'yan wa da ƙani suka daina gaisawa a kan irin wannan, har yau abin na damuna.

Sai maganar dala. Kuɗin nan da dala ake lissafa shi ku kuma da sidi kuke ciniki, kowa a nan ya tuna yadda sidi ya zube a 2022. In ka sayi lasisi ta hannun dila akwai na shekara akwai na wata-wata. Na wata ya fi tsada da kashi 20 cikin ɗari amma kana iya rage mutane duk ƙarshen wata. Na shekara in ka wuce kwana bakwai da saye ba ragewa ba sokewa, ko ma'aikaci ya bar aiki sai ka biya kujerarsa har shekara ta cika, sai dai ka ba wanda ya maye gurbinsa. Shawarata ka ɗaure shekara ga waɗanda ka san suna nan daram, na wucin gadi irin yaran da ake ɗauka gab da azumi da Sallah lokacin da sukari da mai ke gudu ka yi musu na wata.

Kuma tunda akwai sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu da basussukansu, ka tambayi Alhaji ko kamfanin ya yi rajista da Data Protection Commission, hukumar kare bayanan mutane ta Gana, dokar 2012 ce, Act 843.

Abokin_kowa ya rubuta:

Ni fa gaskiya ina ganin ana tsananta abin. Wa zai taso daga Amurka ya zo Nima duba lasisin mai shinkafa? Shagunan da ke aiki da kiraki, wato manhajar da aka karya wa makulli, a garin nan ba su ƙirguwa kuma ba abin da ya same su. In kuma halal ake so ba tare da an zuba dala ba ai ga Linux nan kyauta, ka sa nau'insa Ubuntu a madadin Windows, da xrdp na shiga ta rimot, da LibreOffice a madadin Office, mutum ɗari ma su shiga ba mai tambayarka ko pesuwa ɗaya.

Injiniya_Madina ya rubuta:

Malam, rabin maganarka na karɓa. Linux halal ne tsaf kuma ni kaina ina aiki da shi, da a ce manhajar lissafinsu ta birawuza ce da shi zan ce su bi. Amma Tally ta Windows ce, kuma ba zan ce a ɗora littafin kuɗin mutane kan dabarar da masu manhajar ba su tsaya mata ba, ranar da ta ƙi buɗewa ba wanda za ka kira. Inda Linux zai yi musu amfani shi ne tsofaffin kwamfutocin nan. Windows 10 an daina ba shi gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, to maimakon a zubar da su sai a sa musu Linux mara nauyi su riƙa shiga Azure Virtual Desktop ta birawuza.

Ɗaya rabin kuwa a'a. Kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinka daban, wadda ke ɗakin wani a Jamus ko Holan daban. Mai sabar shi ake bincika, kuma a yarjejeniyar da ka danna ka yarda yawanci akwai cewa zai iya rufe maka in ya ga manhaja mara lasisi. Ba sai an zo Nima ba, daga can za a kashe, lissafinka na ciki. Kuma shi mai tambayar ya riga ya faɗa, Alhaji ba tsoron kamu yake ba, tsoron haƙƙi yake.

Mai_netwok_Aboabo ya rubuta:

Salam. Nawa gajere ne, tunda ni a Aboabo nake na san yadda layi yake a nan.

Lasisi ba ya gyara netwok. Microsoft ba su da cibiyar Azure a Gana, na Afirka suna Afirka ta Kudu ne, Johannesburg da Cape Town, tun 2019. Kar ka ɗauka don sunan Afirka ne shi ya fi kusa, wayoyinmu na ƙarƙashin teku da yawa Turai suke nufa, sau da yawa Ingila ko Holan sun fi amsawa da sauri. Ka kunna ƙaramar na'ura a kowanne ka gwada daga Nima da Tema da Kumasi, da safe da kuma yamma lokacin da kowa ke kan waya, ka ba akawu ya buga lambobi da hannunsa, shi zai gaya maka in rubutu na biyo bayan yatsa a makare.

Kuma ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku suka katse, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasar nan ta sha wahalar intanet kwana da kwanaki. Ranar irin wannan duk wanda lissafinsa ke waje hannu zai naɗe. Ba hana ka nake ba, amma kowane ofis ya samu layi biyu na kamfani daban-daban, littafin rasit na hannu ya zauna a durowa, sannan kwafin bayanan ya riƙa saukowa Nima kullum da dare.

Wani abu kuma da ke cinye kuɗi a ɓoye, in ka kashe na'urar Azure daga cikin Windows kamar yadda ka saba, mita na ci gaba da gudu. Sai an tsayar da ita daga shafin Azure ta nuna an sake ta gaba ɗaya sannan kuɗin awa ke tsayawa, na wurin ajiya ne kawai ke ci gaba. Akwai tsarin da ke kashewa da kunnawa da kansa, ka sa ta kwanta bayan isha'i ta tashi bayan asuba, Lahadi ta huta.

Dan_Nima ya rubuta:

Kai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi na ƙaru. Hajiya na gode, na duba namu Silver ne, kuma da na zauna da akawu muka tace, mutum 6 ne ke shigar da lissafi da gaske, kamar kin gani. Na karanta wa Alhaji maganar kwastan ya yi dariya ya ce ya gane, saurayin kuma a ba shi haƙuri.

Saura tambaya biyu Injiniya. Na ga wani abu Windows 365, shi ma ɗaya ne da Azure Virtual Desktop ɗin? Sannan akwai odita na waje da ke zuwa duba mana littafi ƙarshen shekara, shi ma sai an saya masa lasisi?

Injiniya_Madina ya rubuta:

Ba ɗaya ba ne. Windows 365 ya fito a Agusta 2021, kowane mutum ana ba shi kwamfutarsa shi kaɗai a kilawud, kuɗi tsayayye duk wata ko ya kunna ko bai kunna ba. Ya fi sauƙin haɗawa nesa ba kusa ba, kuma nau'in Business lasisin Windows na ciki, amma na Office sai ka saya daban. Matsalarsa a wajenku ita ce ku fayil ɗaya na Tally kuke so mutum 6 su yi aiki a kai, in kowa na da kwamfutarsa sai an sake nemo inda fayil ɗin zai zauna da yadda za su haɗu a kansa, aiki ya ƙaru kuɗi ya ƙaru. Na'ura ɗaya mai ɗaukar mutum 6 ta fi dacewa da ku.

Odita kuwa in zai shiga ciki to mutum ne kamar kowa, sai da izininsa. Za ka ga wani farashi a Azure na mutanen waje, kar ya ruɗe ka, an yi shi ne don kamfanin da ke sayar wa kwastomominsa manhaja ta rimot, ba don wanda ke yi muku aikin cikin gida ba. Ka saya masa Business Premium na wata ɗaya kamar yadda Hajiya ta ce, ka buɗe masa suna a Tally mai gani kawai ba gyarawa, in ya gama ka soke. Ko kuma ya zo ofis akawu ya fitar masa da abin da yake so, yawancinsu ma haka suka fi so.

Ka fara da dilan Tally kafin komai, a mayar da Silver ɗin Gold a tabbatar da adadin TVU a rubuce. In wannan ya zauna ka dawo nan da girman fayil ɗinku da sakamakon gwajin netwok na wurare ukun, sai mu duba girman na'urar da za ta ɗauke ku.